Kwastoma yana son riba ba ya son jin asara, ya kuma ƙi sa hannu: ya ake yi da irinsa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Manyanmu na wannan zaure, shawara nake nema, don abin ya fara fin ƙarfina.

Ina aiki a wani kamfanin zuba jari a nan Kano. Ni ne mai zama da kwastoma in ji buƙatarsa, in nuna masa inda ya dace ya sa kuɗinsa. Akwai wani Alhaji mai sarin kayan masarufi da ya kawo naira miliyan 40. Sharaɗinsa biyu ne: kada kuɗin ruwa ya raɓi dukiyarsa, kuma kada ko kwabo ya yi ciwon kai. Na ce masa na farkon mai yiwuwa ne, na biyun kuwa ba mai iya ɗaukar masa wannan alkawari. Ya ce ba komai, Allah na nan. Muka sa miliyan 30 a sukuk na gwamnatin tarayya (takardar zuba jari ta Musulunci mai tsarin haya), miliyan 10 a asusun hannun jari na halal.

Tun daga nan wayata ba ta huta ba. Farashi na ɗan sauka, saƙon murya zai shigo bayan isha, dogo, rabinsa faɗa rabinsa addu'a. In ya hau kuwa shiru kake ji, ko na kira na yi masa albishir sai ya ce ai da ma rabonsa ne. Duk wannan na jure. Yanzu wani yaron shagonsa ya nuna masa wata manhaja a waya wai tana ba da kashi 10 cikin ɗari duk wata. Alhaji ya ce in sayar da komai in turo masa kuɗinsa. Na ce masa harkar nan ba ta da tushe, ya ce mu 'yan boko haka muke, ba ma son mutum ya ƙaru sai ta hannunmu. Na ce to ya sa hannu a takarda cewa shi ya ba da umarni bayan na ba shi shawarar kada ya yi. Nan fa ya hau sama: "Ni da kai sai an yi rubutu? Ashe ba ka ɗauke ni uba ba."

Ga shi kuma aminin surukina ne, shi ya haɗa mu. Ya zan yi?

Na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Kai ka yi sa'a, naka saƙo yake turowa. Nawa ofis yake zuwa da ƙannensa biyu, su zauna su ce ba za su tashi ba sai kwamfuta ta gyara lissafi.

Baba Mai Ritaya:
Sannu ɗana. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Kuɗin nan nasa ne. In ya ce a sayar, sayarwa za a yi. Ba ka da hurumin riƙe wa baligi mai hankali dukiyarsa don kana ganin zai ɓarnatar. Abin da ke wuyanka biyu ne: ka faɗa masa gaskiya ta yadda za ta shiga kunnensa, ka kuma bar shaidar cewa ka faɗa.

Ina banki lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan zamanin, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Daga nan aka shiga haukan sayen hannun jari. Direba, malamin makaranta, mai shayi, kowa da takardar shaidarsa a ƙarƙashin katifa. Wasu har bashi suka ci don su saya. A Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya gangaro wajen 20,000. Na ga mutane a ofis a wancan lokacin, kuma waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya ba su ne suka fi kowa asara ba. Su ne waɗanda aka ce musu "kasuwa tana hawa tana sauka" suka gyaɗa kai, don wannan magana ba ta da nauyi a kunne. Ba wanda ya dubi idonsu ya ce: Alhaji, miliyan 10 ɗin nan, akwai ranar da za ka duba ka ga miliyan 6, za ka iya barci?

Saboda haka in ana maganar asara, ka ajiye kashi kaza cikin ɗari. Ka faɗa da naira. Mutum yana jin an ce miliyan 4 ɗinsa na iya tafiya, nan take za ka ga gaskiyar zuciyarsa a fuskarsa. Wanda ya yamutsa fuska, ba na hannun jari ba ne, ko da bakinsa ya ce ba komai.

Maganar manhaja kuwa, kada ka ce masa damfara ce. Kana faɗin haka ka ce masa wawa ne, kuma dattijo ba zai yarda da wannan a bakin sa'an ɗansa ba. Lissafi za ka ba shi ya yi da kansa. Kashi 10 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, miliyan 1 za ta haura miliyan 3 a shekara guda, a shekara 5 ta haura miliyan 300. Sai ka tambaye shi cikin ladabi: Alhaji, kai da ka tsufa a kasuwar Singa, wane kaya ne yake yin haka? Kuma wanda yake da irin wannan sana'a, me zai sa ya nemi kuɗin wani? Ɗan kasuwa ya fi ka sanin amsar.

Uwargida Akanta:
Baba ya gama magana. In ƙara da tarihin irin waɗannan harkoki kaɗan don ka samu abin nuna masa. MMM kashi 30 a wata ta yi alkawari, ta daskare a Disambar 2016. CBEX cewa ta yi za ta ninka kuɗi a kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta fito ƙarara ta haramta irin wannan harka, har da ɗauri ga masu shirya ta. Kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari tana da jerin sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta. Ka buɗe a gabansa, ka ce yaron shagon ya nemo sunan manhajar a ciki.

Mai Shadda a Kwari:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikacin kuɗi ba ne, ina cikin waɗanda kuke kira masu wuyar sha'ani. Tun ɗazu nake karantawa, kowa yana ta neman dabarar da za a bi da Alhaji, ba wanda ya tambayi me ya sa Alhaji yake haka.

Mu a kasuwa da baki muke ciniki. Mutum zai ɗauki dilar kaya ta miliyoyi ya tafi Agadas ko Injamena, ba takarda ba rasit, ya dawo ya biya. In bai biya ba mun san gidansu, mun san ubansa, mun san masallacin da yake salla. Ku kuwa za ku miƙo mana fom mai shafi goma sha, da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da ko da tabarau ba a gani, ku ce "sa hannu nan, da nan, da nan". Ba ku karanta mana ba. Ranar da abu ya lalace sai ku zaro shi daga durowa ku ce ai ka sa hannu. To wa takardar take karewa, ni ko ku? Shi ya sa in kuka ce rubutu, mu tarko muke ji.

Na biyu, ba ku taɓa gaya mana nawa kuke ci ba. Dillalin kasuwa na san la'adarsa kafin a yi ciniki. Ku ko na ci riba ko na faɗi, naku yana fita, kuma ban san nawa ba ne.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Kuna murna kun ba mutum kashi goma sha wani abu a shekara, alhali gwamnati da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kuɗina ya ƙaru a takarda, amma yadin da zai saya ya ragu. Da na bar shi a kaya, ko na riƙe dala tun kafin a saki naira a Yunin 2023 lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ina zan kasance yau? In na kira da daddare ina faɗa, wannan ne yake cina, ba rashin tarbiyya ba.

Na Sabon Gari:
Alhaji, wannan duk bayan an gani ne. Kowa malami ne in an riga an buɗe sakamako.

Uwargida Akanta:
A'a, Na Sabon Gari, kada mu yi saurin kare kanmu. Alhaji Mai Shadda ya yi gaskiya a biyun farko, kuma ni ina ganin rabin kwastomomin da muke kuka da su mu muka ƙera su da hannunmu. Ni ranar farko nake rubuta wa mutum a farar takarda, da Hausa, da biro: ga abin da ka kawo, ga abin da kamfani zai cire duk shekara da naira, ga abin da za a cire in ka fita da wuri, ga mafi munin abin da zai iya faruwa. Layi biyar ko shida. Wanda ba ya karatun boko in karanta masa, in ya yarda in ɗauki muryarmu a waya, in tura masa kwafi. Fom ɗin kamfani yana nan, dole ne, amma wannan 'yar takardar ita ce ainihin yarjejeniyarmu. Wasu suna ganin kuɗin kamfani suke miƙewa su tafi. Allah ya raka taki gona, gara su tafi ranar farko.

Na ukun ne ban yarda da kai ba, Alhaji. Dalar da kake magana ta kusa 1,900 a kasuwar canji a Fabrairun 2024, zuwa Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Je ka Wapa wurin 'yan canji ka tambayi waɗanda suka saya a saman. Da ni na ba su shawarar su saya, da ni za su zaga. Da na hana su a 2023, da ni za su zaga. Maganar hauhawar farashi gaskiya ce, kuma wajibi ne mu faɗa wa mutum cewa ribar takarda ba lallai ta rufe ta ba. Amma ɗan kasuwa mai juya kaya ba ya kawo mana jarin shagonsa, kuma bai kamata mu karɓa ba. Abin da ake kawo mana shi ne rarar da ba a son ta tafi tare da shago ranar da gobara ta tashi ko kwantena ta maƙale.

Mai Shadda a Kwari:
Hajiya, da kowa yana yin 'yar takardar nan da ba a ji kanmu ba. Amma ke ɗaya ce. Ni wanda ya buɗe mini asusu ko shekara bai yi ba aka sauya masa wurin aiki, na koma na tarar da wata yarinya ba ta san ni ba, tana tambayata sunan mahaifiyata.

Malamin Zaure:
Bismillah. Akwai gefen da ban ga an taɓa ba, kuma ina ganin shi ne mabuɗin wannan Alhaji, tunda shi ya fara kawo maganar halal.

Sharuɗɗansa biyu suna karo da juna. A mudaraba, wato mai dukiya ya ba da kuɗi wani ya juya, ana raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asara kuwa a kan dukiyar take, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Ba ya biyan uwar kuɗi sai in ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Da zarar mai dukiya ya ce a lamunce masa uwar kuɗinsa, a kuma yanka masa adadin da zai riƙa karɓa duk wata ko an samu ko ba a samu ba, to ya koma bashi mai jawo amfani, abin da ya ce yana gudu ke nan. Wannan ba sabon zance ba ne, yana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure.

Sukuk ɗin gwamnati kuwa tsarin haya ne. Na farko an fitar da shi a 2017, naira biliyan 100, aka yi ayyukan hanyoyi da shi, masu shi suka riƙa karɓar kuɗin haya sau biyu a shekara.

Batun rubutu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. A kan bashi ta sauka, amma hikimar a fili take. Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, kuma ba don ba su yarda da juna ba ne. Ɗana, kada kai ka karanta masa ayar, zai ji kamar kana yi masa wa'azi. Ka bari wani sa'ansa ya tuna masa.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Baba, Anti, na gode ƙwarai. Amma ga sabuwa. Ɗazu ya kira, muryarsa a sanyaye. Ya ce ya fasa manhajar in har zan yi masa abu ɗaya: zai kawo wata miliyan 15 tsaba a jaka, in zuba a asusuna na kaina, in juya yadda na ga dama ba tare da kamfani ya sani ba, in riƙa ba shi kashi 5 duk wata. Wai ya fi yarda da ni a kan kamfani.

Baba Mai Ritaya:
Kul! Ko da wasa. Wannan ya fi manhajar haɗari, domin a can kuɗinsa ne kawai zai tafi, a nan kai ne za ka tafi.

Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 sai ta hanyar banki ko makamancinsa. Wannan ɗaya ke nan. Kamfaninku na ganewa korarka za su yi, kuma sunanka ya ɓaci a harkar gaba ɗaya. Sannan kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara, daga ina za ka samo? Wata uku za ka biya daga uwar kuɗin, na huɗu ka nemi wani Alhajin don ka biya wannan. Yawancin waɗanda ka ji an kama ba da niyyar sata suka fara ba, da irin wannan kunyar suka fara.

Uwargida Akanta:
Kuma ka lura da sanyin muryar. Mai zaginka da daddare ya fi sauƙi, ka san inda ya dosa. Wanda ya ce ya fi yarda da kai a kan kamfani so yake ranar asara ya samu wuyan da zai shaƙe, don kamfani ba shi da suruki.

Hajiyar Unguwar Rimi:
Ni daga Kaduna nake, yawancin masu zuwa wurina mata ne da 'yan fansho. Abin da na lura, sau da yawa wanda kake fama da shi ba ya cikin ɗakin. Kai kana zaune da Alhaji, amma yaron shago ne yake magana ta bakinsa. Ni kuma ina zaune da mace ta fito daga takaba, an ba ta tumunin ta da kason marayu, mun gama tsari lafiya lau, bayan kwana biyu ta dawo ta ce a fasa. In ka bi sawu sai ka tarar ƙanin mijin ne yake son a ba shi ya sayi tirela, ko yayanta ya ga fili. Ita ba ta iya ce musu a'a, sai ta zo ta sauke fushin a kaina.

Na daina jayayya da saƙo. Cewa nake: Hajiya, wanda ya ba ki wannan shawarar, ki zo da shi mu zauna. Wallahi rabinsu ba sa zuwa, maganar ta mutu a nan. Waɗanda suka zo kuma, in na tambaye su a gabanta wa zai biya in tirelar ta faɗi, sai ka ga an fara duban silin. Wani lokacin ma matar da kanta za ta kira ni daga baya ta ce na gode, da ma abin da za ta fake da shi take nema. Yanzu tana iya cewa "ma'aikaciyar ta ce ba a iya cirewa sai da asara".

Kuɗin marayu kuwa ban taɓa yarda a kai shi inda uwar kuɗi za ta yi ƙasa sosai ba, ko uwar ta roƙe ni.

'Yan fansho nasu daban ne. Mutum ya yi shekara 35 yana aiki, ya ji an ce ba za a ba shi duka a dunƙule ba, sai wani kaso, ragowar a riƙa biyansa wata-wata. Ni ban rubuta dokar hukumar fansho ta PenCom ba, amma ni zai yi wa ihu. Irin wannan barinsa nake ya gama, in ba shi ruwa, sannan mu ɗauki biro. Ba rashin kunya ba ce, tsoro ne.

Ƙanena, ka ce Alhaji ya zo da yaron shagon.

Na Sabon Gari:
Ni fa ra'ayina ka sallame shi kawai. Sayar masa da komai, tura masa kuɗinsa ta asusunsa na banki, ka huta. Kwastoma ɗaya yana cinye lokacin mutum goma. Akwai kuɗin da bai kai hawan jini ba.

Hajiyar Unguwar Rimi:
Sallama tana da sauƙi a baki. Aminin surukinsa ne fa. Gobe a wurin ɗaurin aure za su haɗu, jibi a wurin suna. In kuɗin ya narke a manhaja, labarin da zai zaga gari shi ne "yaron nan ne ya riƙe masa kuɗi", ba wanda zai tsaya tambayar wane kashi ne ya ɓace a hannun wa.

Baba Mai Ritaya:
Dukanku kuna da gaskiya, sai dai akwai mataki kafin sallama. Wanda ya haɗa ku shi zai raba ku ko ya gyara ku. Amma ka nemi izinin Alhaji tukuna kafin ka kai maganar gaban surukinka, domin sirrin dukiyarsa amana ce, ba ka da ikon faɗa wa kowa adadin ko da aminin nasa ne. Ka ce masa: Baba, ina so mu zauna da wanda ya haɗa mu, don kada wata rana a ce na yi maka ba daidai ba. Sannan ka sanar da ogan ka a ofis a rubuce, yau ba gobe ba, har da maganar jakar kuɗin.

Wani abu kuma da za ka bayyana masa: sukuk ba asusun ajiya ba ne. In ya jira wa'adi ya cika, gwamnati za ta mayar masa da uwar kuɗinsa. In ya ce yanzu yake so, sai an kai kasuwa an nemi mai saye, kuma farashin ranar zai karɓa, yana iya zama ƙasa da abin da ya sa. Ka sa dillalinku ya fitar maka da adadin, ka nuna masa da naira nawa gaggawar za ta ci masa. Kada kuma ya ɗauka inshorar NDIC ta shafi wannan. Ita ajiyar banki take karewa, har zuwa naira miliyan 5 tun da aka ɗaga a 2024, ba ruwanta da hannun jari, balle manhajar da ba a san mai ita ba.

Ɗan Fagge:
Ga yadda aka yi. Na sanar da ogana. Alhaji ya yarda muka zauna a gidan surukina bayan la'asar, yaron shagon bai zo ba, wai an aike shi Dawanau. Jakar kuɗi na ce ba zan iya ba, na ce aikina ne zai tafi, ya yi shiru bai sake tayar da ita ba. Da na nuna masa abin da zai rasa in aka sayar da sukuk yanzu, ya ce a bar shi. Amma miliyan 10 ta hannun jari ya ce lallai a fitar. Surukina ne ya kawo maganar ayar bashi, suka yi dariya, ya sa hannu, har ya ce a ba shi kwafi. Lissafin Baba na miliyan 300 ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma zai gwada da kaɗan. Ban san nawa ne kaɗan ɗinsa ba, ban kuma tambaya ba.

Na kuma roƙe shi mu mayar da magana duk ranar Asabar da safe, in kira shi da kaina in ba shi bayani, maimakon saƙon dare.

Mai Shadda a Kwari:
To ka ga, da aka zauna da shi kamar mutum ai ya sa hannun. Amma maganar Asabar ɗin nan ban so ta ba. Mutum ya ba ka miliyan 30 sannan ka yanka masa ranar da zai ji muryarka?

Uwargida Akanta:
Alhaji, ba hana shi kira aka yi ba. Abin da ke sa mutum kiran dare shi ne bai san yaushe zai ji labari ba. In ya san Asabar tana zuwa, kuma kiran yana zuwa ko kasuwa ta yi daɗi ko ba ta yi ba, da kansa zai rage. Sharaɗin dai kada Ɗan Fagge ya tsallake Asabar ɗin da farashi ya faɗi. Ranar ce ma ya kamata ya riga shi kira.

Ƙanena, saura abu ɗaya tunda kun fara fahimtar juna. Iyalinsa sun san da sukuk ɗin nan?

Ɗan Fagge:
Ba su sani ba, Anti. Tun farko ya gargaɗe ni kada matansa ko 'ya'yansa su ji. A gurbin magaji ma sunan wani ƙaninsa ya sa.

Uwargida Akanta:
Na zata. Ba za ka faɗa musu ba, wannan haƙƙinsa ne. Amma ka gaya masa sunan da ke fom ɗin ba ya mayar da mutum mai gado, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Ranar da ta Allah ta kasance sai magada sun kawo takardar kotu kafin a saki ko sisi, kuma ba za su nemi abin da ba su san da shi ba. Ribar hannun jarin da ba a karɓa ba da SEC take ta cigiyar masu ita shekara da shekaru, da yawanta ta irin waɗannan ce, mai ita ya rasu da sirrinsa.

Mai Shadda a Kwari:
Hajiya, ke ba ki san gidan mata uku ba. Ranar da aka ji adadin, ranar zaman lafiya ya ƙare.

Malamin Zaure:
Ba sai an ji adadi ba, Alhaji. Ya rubuta sunan kamfanin da lambar asusun, ya sa a ambulan ya liƙe, ya ba amintattu biyu, ko ya haɗa da takardun gidajensa. Dukiyar magada ce ranar da ya bar ta, ɓoye musu hanyar isa gare ta ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan Fagge, in za ka tayar masa da wannan, ka haɗa da lissafin zakkar kuɗin, ka ce ka zo ne ku fitar da ita daidai. Ta nan maganar za ta fi shiga, kuma kada ka yi ta a Asabar ɗin farko.